Wasiƙa daga Kagoshima: sunan da aka laƙaba wa yaran

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina fatan kun yi sallah lafiya.

Tun ina Damagaram nake jin kalmar kamikaze a bakin masu labarai da Faransanci, duk lokacin da 'yan ƙunar baƙin wake suka tada bam a Diffa ko Maiduguri. Sai da karatu ya kawo ni Japan na gane cewa a nan ba haka suke jin ta ba.

Kami abin bauta ne a al'adarsu, kaze kuwa iska. Sunan guguwar da ta farfasa jiragen ruwan Kublai Khan ne a 1281, lokacin da Mongol suka zo cin ƙasar. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya juya wa Japan baya a 1944, hafsoshi suka tono wannan tsohon suna suka ɗora wa samari matuƙa jirgin sama, aka ce su zama guguwar da kansu, wato su faɗa wa jiragen ruwan abokan gaba da jiragensu, su mutu a ciki. Ranar 25 ga Oktoba na shekarar, a tekun Filifin, rukunin Seki Yukio ya nutsar da jirgin yaƙin Amurka St. Lo. Mutanen nan galibi tokko suke cewa, wato hari na musamman. Ko wannan sunan ma yana rufe abin da ya faru.

Ranar Asabar na je Chiran, tsohon filin jirginsu, inda aka gina gidan tarihi. Hotunan matuƙa 1,036 ne a jere, waɗanda suka mutu a yaƙin Okinawa na 1945, akwai 'yan shekara 17 a cikinsu. Wani ƙanina shekarunsa ke nan, kuma har yanzu Inna ke tashinsa sallar asuba. Na daɗe tsaye gaban wasiƙunsu na ban kwana, da yawa zuwa ga iyaye mata ne, ana roƙon gafara, ana cewa a kula da ƙanne.

An ce da kansu suka yarda. Amma yaron da aka tsayar gaban kwamandansa da abokansa, ina zai sami bakin cewa a'a? Onishi Takijiro, wanda ya tsara hare-haren, ya kashe kansa ranar 16 ga Agusta 1945, ya bar takardar neman afuwar matattun.

Wata tsohuwa da muka shigo bas ɗaya ta ce mini ranta na ɓaci in ta ji ana kiran mai tada bam a kasuwa da sunan, domin su jiragen soja suka nufa. Na fahimce ta. Ni dai fuskokin yaran nake ta gani har muka iso gari.

A gaida kowa da kowa.
Ɗan'uwanku a Kagoshima