Shagon Tela a Gefen Garin 'Yan Fansho

Ni tela ne, kuma a gaban keken mahaifina na koyi sana'ar a Kano, kafin neman abinci ya kai ni jihar Fulorida ta ƙasar Amurka, inda a yau nake da ɗan shagon gyaran tufafi mai kekuna huɗu a gefen garin da ake kira The Villages. Mu uku ne masu ɗinki, uwargidana kuma ita ce ke riƙe da littafin shiga da fitar kuɗi. 'Yan'uwa da abokai masu ɗan jari sun sha tambayata ko akwai alheri a kama shago a sababbin cibiyoyin kasuwanci da ake ginawa a garin, saboda sun ji ana cewa tsofaffin wurin masu kuɗi ne. Tambayar ta dame ni nima, domin na daɗe ina auna ko in tashi daga inda nake in koma ɗaya daga cikinsu.

Garin yana arewa maso yammacin birnin Orlando, tafiyar kamar awa guda a mota, ya kuma ratsa gundumomi uku: Sumter da Lake da Marion. Asalinsa unguwar gidajen tafi-da-gidanka ce mai suna Orange Blossom Gardens, wadda Harold Schwartz ya mallaka, ɗansa Gary Morse ya karɓi ragamarta a 1983 ya mayar da ita gari. An gina shi ne domin masu shekara 55 zuwa sama, kuma dokar tarayya ta 1995 ta yarda da irin wannan tsari muddin aƙalla kashi 80 cikin ɗari na gidajen suna da mutum guda da ya kai waɗannan shekarun. Yaro da bai kai shekara 19 ba zuwansa ziyara ne, ba ya zama. Ƙidayar 2020 ta nuna cewa mutanen gundumar Sumter sun tashi daga kimanin 93,000 zuwa kusan 130,000 cikin shekara goma, wanda ya sa yankin ya fi kowane yankin birni a Amurka saurin ƙaruwa a wannan tsakanin. Wannan lissafin shi ne ke ruɗar mai jari daga nesa, domin yana ganin yawan kawuna, ba ya ganin irin cinikin da kawunan ke yi.

Kasuwancin garin ya taru ne a dandali. Na farko, Spanish Springs, an buɗe shi a 1994, sai Lake Sumter Landing a 2004, sannan Brownwood a 2012, kuma yanzu gini ya tsallaka babbar hanyar Turnpike ya nufi kudu, inda aka yi Sawgrass Grove da kuma sabuwar cibiyar da aka raɗa wa suna Eastport. Tsarinsu kusan ɗaya ne: fili a tsakiya, rumfar makaɗa, gidajen abinci da shaguna sun kewaye shi. Kowace rana daga yamma zuwa dare ana kiɗa kyauta, tsofaffi su fito a ƙananan motocin golf, su jera su kamar yadda ake jera babura a bakin kasuwa, su yi rawa, su ci, su sha, su koma gida. Kamfanin da ya gina garin shi ne ke da waɗannan gine-gine, shi ke ba da hayarsu, don haka shi ke zaɓen irin sana'ar da za ta zauna a kowane lungu.

Na yi dare da yawa ina tsaye a gefen dandali ina kallon hannun mutane, domin abin da hannu ke ɗauke da shi ya fi yawan ƙafa gaya wa ɗan kasuwa gaskiya. Abin da na gani shi ne kofi da faranti, wani lokaci 'yar jakar tsaraba da aka saya wa jika. Ban taɓa ganin wanda ya zo rawa da wandon da yake so a rage wa tsawo ba. Cinikin yamma na mai abinci ne da mai abin sha da mai ƙananan kayan ƙawa, alhali nawa cinikin na hantsi ne, lokacin da mutum ya fito daga wurin likita ko kantin magani ko babban kantin cefane irin su Publix, ya tuna cewa akwai riga a bayan motarsa. Saboda haka ne shagona yake a jerin shagunan da ke kusa da irin waɗannan wurare, inda haya ta fi sauƙi, kuma inda tsohuwa mai dogara sanda za ta ajiye motarta a bakin ƙofa.

Aikin namu kansa jikin mai shekaru ne ke tsara shi. Mutum yana tsufa tsawonsa yana raguwa, kafaɗa ta ranƙwafa, ƙugu ya buɗe ko ya zube bayan jinya, sai kayan da ya shekara ashirin yana sawa su daina zama masa. Rabin yininmu a kalmasa ƙafar wando yake tafiya, da rage ƙugu, da sauya zif. Amma aikin da ya kafa mana suna shi ne na masu amosanin gaɓɓai da waɗanda hannunsu ke rawa, waɗanda ɓalla maɓalli ya zame musu wahala. Sai mu cire maɓallan, mu sa maganaɗisu ko abin mannewa ta ciki, mu mayar da maɓallan a sama domin ado, ta yadda mai kallo ba zai san an taɓa rigar ba. Kafin mu sa maganaɗisu muna tambaya ko mai rigar yana da na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, domin bai kamata maganaɗisu ya kusance ta ba. Akwai kuma aikin da ba ma son yawan magana a kansa, wato matar da za ta kawo rigunan mijinta da ya rasu ta ce a haɗa mata su a yi bargo. Irin wannan ba na ba yara shi, da hannuna nake yi, kuma ba na gaggawar awo idan ta fara ba da labarin kowace riga.

A nan na koyi wata ladabi da ta saɓa wa tarbiyyata. A gida idan ka ce wa dattijo Baba ka girmama shi, amma a nan duk kalmar da za ta tuna wa mutum shekarunsa ɓata masa rai take yi, kuma ɗan shekara tamanin zai nace ka kira shi da sunansa na yanka. Har yau harshena yana nauyi idan zan yi hakan. Lokaci kuwa suna da shi da yawa, kuma suna son a ba su shi. Wanda ya ji daɗin aikinka zai faɗa a ƙungiyar wasansa da cocinsa da maƙwabtansa, wanda ka ɓata wa ma haka zai yi, kuma a garin da kowa ke da yini guda na hira, labari yana riga ka isa gida.

Babban abin da mai shirin zuba jari zai fara fahimta shi ne cewa shekarar kasuwa a nan ba wata goma sha biyu ba ce. Daga Janairu zuwa Maris garin yana cika da mutanen jihohin arewa da Kanada masu gudun sanyi, waɗanda Amurkawa ke yi wa laƙabi da tsuntsayen ƙanƙara, ni kuwa 'yan ci-rani nake ce musu a raina, sai dai su hunturu suke zuwa ci. Da Afrilu ta kama sai su fara tattara komatsai, daga Yuni zuwa Satumba kuma zafi da ruwan la'asar su kulle sauran a gida, ga damina mai guguwa da ke kaiwa ƙarshen Nuwamba. A shekarata ta farko na ga cinikin Fabrairu na ɗauka haka za a dore, na ƙaro keke, na ɗauki ma'aikaciya, na cika kanta da zare da shafi, sai ga shi a watan Yuli muna zaune muna kallon juna. Laifina ne ba na kowa ba. Tun daga nan ribar wata uku ce nake rabawa ta ciyar da shekara.

Haya kuma ba ta san hunturu da bazara ba. A yawancin irin waɗannan jerin shaguna a Amurka, bayan kuɗin hayar kansa, ɗan haya ne ke biyan kasonsa na harajin gini da inshora da kula da haraba, yarjejeniyar kuma ta shekaru ce, sau da yawa tare da sa hannun cewa idan shago ya gaza za a bi mai shi da dukiyarsa ta kansa. Inshorar gini a Fulorida ta yi tsada saboda guguwa, kuma wannan tsadar a kan ɗan haya take sauka. Sauƙin da muka samu shi ne jihar ta soke harajin da take ɗorawa a kan hayar shaguna daga 1 ga Oktoba, 2025. Gefen abokan ciniki kuwa, kuɗinsu ba ya yankewa kamar na mai albashi da za a iya sallama, domin fanshon gwamnati yana shigowa kowane wata, har an ƙara shi da kashi 8.7 cikin ɗari a 2023 saboda tsadar rayuwa. Sai dai mai fansho ya san abin da ke shigo masa ba zai ƙaru da ƙoƙarinsa ba, don haka yana tambayar farashi kafin ya ajiye riga, kuma yana tuna abin da ya biya bara.

Matsalar da ta fi haya ci mini tuwo a ƙwarya ita ce ma'aikata. Garin da aka gina domin masu hutu dole ne wasu su yi masa aiki, kuma waɗannan ba su da damar zama a cikinsa, sai su riƙa zuwa daga Leesburg da Wildwood da Ocala. Tela mai hannu kuwa ya yi ƙaranci a Amurka, da yawa daga cikin waɗanda suka iya baƙi ne irina. An gina unguwar Middleton a kudu, wadda ba ta da ƙa'idar shekaru, domin iyalai masu aiki, kuma makarantar garin tana ɗaukar 'ya'yan waɗanda ke aiki a kamfanin ko a shagunan da ke haya a gine-ginensa. Wannan shi ne dalili mafi ƙarfi da ya sa na yi tunanin komawa sabuwar cibiya, domin gurbin makaranta yana riƙe ma'aikaciya fiye da ƙarin albashi.

Da na kawo wa uwargida maganar, sai ta buɗe littafinta ta ce, "Maigida, waɗanda ke tarewa a kudu yanzu suka yi ritaya, ƙafarsu da ƙarfi, labule da kujeru suke saye. Masu bukatar allurarka suna arewa, inda aka tare shekara talatin da suka wuce." Na duba adireshin da ke kan rasiɗanmu na ga gaskiyarta. Sabuwar unguwa kasuwar mai kayan ɗaki ce da mai sayar da motar golf da mai gidan abinci, kuma wanda ya shiga da wuri zai biya hayar cikakken gari alhali gidajen da ke kewaye da shi ba su gama cika ba. Mai jarin da zai iya ɗaukar bazara biyu ko uku ba tare da ya taɓa uwar kuɗi ba yana iya cin riba mai kyau a can. Nawa jarin bai kai haka ba.

Abin da muka tsayar shi ne mu sabunta hayar inda muke, mu sayi ƙaramar mota, ranar Talata da Alhamis ɗaya daga cikinmu ya zaga unguwannin kudu yana awo a gida, ya kwaso ɗinki ya kuma mayar da wanda aka gama. Uwargida ta buɗe sabon shafi inda take rubuta unguwar da kowace riga ta fito, kuma mun yi alkawari ba za mu sake ta da maganar ƙaura ba sai wannan shafin ya ga hunturu biyu.