Rabin kuɗin da ban canza ba: odar kayan hannu daga Agadas

A watan Mayun 2023 na ba wata ƙungiyar maƙera da dukawa ta Agadas, a Jamhuriyar Nijar, aikin sefa miliyan 2. Abin wuya na azurfa samfurin Agadas guda 100, kowane jaka 10, wato sefa 10,000. Batta ta fata mai zane guda 80, kowace sefa 7,500. Sai faifai da ƙananan kwanduna na kaba guda 200 da matansu ke saƙawa, jaka bibbiyu. Shaguna tara ne suka saye kayan tun kafin a hura wuta a maƙera, uku a nan Sakkwato, sauran a Kano da Abuja, irin ƙananan shagunan tsaraba da ba za su iya tura mutum Agadas saboda batta goma ba. Aikina in haɗa odarsu wuri ɗaya, in tsaya a kan inganci, in ƙetaro da kayan ta garuruwan iyaka, Ƙonni a Nijar da Illela a Najeriya.

Bisa ƙa'idar cinikin adalci muke tafiya. Duk wanda ya karanta ƙa'idoji goma na Ƙungiyar Cinikin Adalci ta Duniya, WFTO, ya san ta ukun: idan mai sana'ar hannu ya nema, a ba shi aƙalla rabin kuɗin aiki tun farko, babu kuɗin ruwa, sannan a biya ciko a kan lokaci. Rabin farkon ban yi wasa da shi ba. Na sayi sefa miliyan 1 a hannun ɗan canjina na Illela, kowace jaka a kan naira 1,250, na tura musu kafin alƙalami, suka sayi azurfa da fata suka kama aiki.

Kuskuren yana cikin ɗaya rabin. Na yanka wa masu shaguna farashi da naira, jimilla miliyan 3.6, muka rubuta muka sa hannu, suka ba ni kashi 40 cikin 100, wato naira miliyan 1.44. A ranar da kuɗin nan ya shigo, ya isa ya sayi cikon sefa miliyan 1 har da ragowa. Ban saya ba. Na bar shi a banki da naira, ina ganin ai sai Agusta za a biya, me zan yi da tulin sefa a ɗaki wata uku? Abin da ban lissafa ba shi ne daga ranar na zama mai bin bashi da naira, mai biyan bashi da sefa. Ita kuwa sefa ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira ce kaɗai ke da inda za ta tafi.

Tsakiyar Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki. Su kuwa masu aikina sun cika alkawari. Kafin ƙarshen Agusta sun gama komai, suka turo hotuna ɗaya bayan ɗaya, na ce su ɗora kayan zuwa Ƙonni a ajiye a shagon wani aminina, tunda a zatona rufin iyakar ba zai wuce mako biyu ko uku ba.

Juyin mulki ba laifina ba ne, faɗuwar naira ma haka. Laifina shi ne abin da na yi bayan nan: na tsaya jira. Hanyar tura kuɗi ba ta toshe gaba ɗaya ba, 'yan canji na ɓangarorin biyu suna ta hulɗarsu, ka ba da naira a Illela a miƙa sefa a Ƙonni, daga can a tura Agadas. Amma kullum na tambayi farashi sai in ji ya ƙaru, in ce bari ya ɗan sauko. Farkon Oktoba shugaban maƙeran, dattijo ne da nake kira Baba, ya kira ni da daddare. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Alhaji, yara sun gama aikinsu tun damina. Shinkafa ta yi tsada, magani ya yi tsada. Matan nan masu kaba kullum suna ƙofar gidana. Mi zan ce musu?” Ban sami amsar da ta dace ba, sai cewa na yi, “Baba, a yi mini afuwa, gobe in sha Allahu.” Washegari na sayi sefa 500,000 a kan naira 1,800 kowace jaka, naira 900,000 ke nan. Sauran rabin kuma na sake jinkirta shi, da wannan tunanin na banza cewa naira za ta farfaɗo, har Fabrairun 2024, lokacin da na saya a kan 2,700. Ciko da zai ci naira miliyan 1.25 a watan Mayu ya ci miliyan 2.25. Miliyan guda cur, ga kuma mutanen da suka yi wata shida suna jiran guminsu, abin da ya fi ci mini rai har yau.

Wasu abokan sana'a sun ce in koma wa maƙeran a raba asarar, ko in rage musu kashi 20 tunda ba su da wani mai saye a lokacin. Za su yarda kuwa, don baƙin da ke zuwa Agadas sayen tsaraba sun daɗe da ɗaukewa. Amma idan ka yi haka ka daina cinikin adalci, ka koma dillalin da ke jiran yunwa ta karya masa farashi. Masu shaguna ma ban iya ɗora musu ba, takarda ce muka sa wa hannu. Biyu daga cikinsu sun ƙara wani abu don kansu. Wata Hajiya mai shago a Kano ta ce, “Malam, mun san halin da ake ciki, ƙara mini kashi goma.” Sauran sun tsaya a kan yarjejeniya, kuma gaskiyarsu ce.

Yanzu ranar da kuɗin mai shago ya shigo, ranar nake mayar da shi sefa, ko da sai bayan wata huɗu za a biya. Idan abin da suka bayar bai kai cikon ba, ba na karɓar odar sai an ƙara. A takardar farashi kuma sefa nake rubutawa, da sharaɗin cewa ragowar za a biya ta da naira bisa canjin ranar miƙa kaya. Wasu masu shaguna ba sa son wannan, suna son lamba ɗaya tsayayya. Wanda ya nace, ya biya duka tun farko, sai in tsayar masa. Ranar biyan maƙera kuma ba ta da alaƙa da ranar isowar kaya Sakkwato: kwana bakwai bayan an duba aiki an amince, ko iyaka a buɗe take ko a rufe. Wani abu ƙarami amma mai tsada: a rubuta kowane farashi da lamba. A Nijar da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce, don haka idan baduku ya ce maka “ɗari biyar” sefa 2,500 yake nufi.

Kayan sun zauna a Ƙonni har Maris 2024 da aka buɗe iyaka. An yi mini tayin bi da su ta daji a kan babura, na ƙi. Kaya ne na mutane tara, idan aka kama ba ni da bakin magana, kuma shagunan Abuja suna neman takardar shigowa. Ranar da muka buɗe kwalayen na ga asara ta biyu. Don gudun ƙura an saka kowace batta a leda an ɗaure baki, a tsakiyar damina. Fatar da aka jeme da bagaruwa aka shafe da mai tana shan laima, idan ka kulle ta a leda ba inda laimar za ta fita. Batta 23 cikin 80 sun yi funfuna, fari-fari da kore-kore, ta shiga har cikin layukan zanen, warin kuwa ya cika shagon. Mun goge su da tsumma mai laushi da aka tsoma a sifirit gauraye da ruwa rabi da rabi, muka shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, don rana tana sa fata ta ƙandare ta tsage. Goma sha huɗu sun dawo daidai. Tara sun bar tabo, musamman jajayen da aka rina da karan dafi. Tun daga nan fata da takarda ake naɗe mini ita, a sa 'yan ƙunshin sinadarin tsotse laima uku ko huɗu a kowane kwali, a ɗora kwalayen a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Wannan katakon ne ma ke tsare faifan daga gara.

Azurfar ita ma ta yi baƙi, domin an cusa wasu cikin battocin don rage wuri, wasu kuma an ɗaure su da roba. Fata da roba duk suna sa azurfa ta dushe. Wannan gogewa kawai yake so, amma goge abin wuya 100 mai ƙananan zane aikin kwana biyu ne. Azurfa ce kaɗai ke son leda, kowace a tata mai zif, nesa da fata.

Tunda maganar azurfa ta zo, kada ka dogara da maganaɗisu wajen gane ta gaske. Farin ƙarfen da ake haɗawa da tagulla da nikel yana ƙyalli kamar azurfa, kuma maganaɗisu ba ya kama shi. Ruwan gwaji ne ke raba gardama: ka ɗan goga zarto a bayan abin wuyan, ka ɗiga. Azurfa mai lamba 925, wato kashi 925 cikin 1,000 zallar azurfa ce, tana ba da ja mai duhu, farin ƙarfe kuwa ya koma kore ko shuɗi. Ina gwada ɗaya cikin kowane goma, a gaban maƙerin, kuma tun ranar ba da oda nake faɗa masa za a yi, don kada ya ɗauka zargi ne. Ba kullum ha'inci ba ne, wani lokaci shi ma haka aka sayar masa, ko kuma liyari, tsohon kuɗin azurfa, aka narka, wanda lambarsa 833 ce. Abin da ke da muhimmanci shi ne mai shago ya san abin da yake sayarwa, domin nikel yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje a wuya, kuma mace ɗaya da ta dawo da kaya ta isa ta kashe masa kasuwa. Haka kuma ina raba kuɗin azurfa da ladan hannu. Azurfa a auna ta da sikeli mai nuna giram, a biya bisa farashin ranar saye. Ladan hannu a tsayar da shi daban, don kada tashin farashin azurfa ya cinye gumin maƙeri.

Samfuri biyu ake yi wa kowane kaya, ɗaya a wurina, ɗaya a wurinsu, da tsawo da faɗi da nauyi a rubuce da santimita da giram. Aikin hannu ba zai zo iri ɗaya sak ba, kuma masu saye ma wannan bambancin suke so, amma murfin batta dole ya rufe. Akwai littafi da ake rubuta wanda ya yi kowane kaya da abin da ya karɓa. Kuɗin masu saƙar kaba a hannun shugabarsu mace ake damƙa shi, ba ya bi ta hannun maza. Duk abin da aka yi da fatar mesa, kada ko guza ba na ɗauka komai kyansa, yarjejeniyar duniya ta CITES mai sa ido kan cinikin namun daji ta shafe su, kuma guda ɗaya ya isa ya tsayar da kwali ashirin. Tambarin WFTO kuma ba a liƙa shi sai wanda ƙungiyar ta tantance. Ni kati nake sawa mai sunan gari, irin kayan da aka yi aikin da shi, da kason da ya isa hannun mai sana'a.

Batun kwastan shi ne ya fi sauƙi a wannan tafiyar. Ƙarƙashin tsarin sassauta harajin kasuwanci na ECOWAS, kayan aikin hannu na gargajiya ba sa biyan harajin shigowa, ba a kuma neman musu takardar shaidar asali. Abin da ya taimake ni shi ne takardar farashi mai bayani dalla-dalla, da jerin abin da ke cikin kowane kwali da lambarsa a jiki. Sai dai Nijar ta fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, kodayake ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar kayan ƙasar bisa tsarin kafin wata sanarwa. Saboda haka yanzu ina kiran wakilin fiton kaya na Illela kafin mota ta bar Agadas, ba bayan ta iso Ƙonni ba. Hanyar Agadas zuwa Tawa kusan kilomita 400 ce mai ramuka, a sa battoci a tsakiyar kwali a kewaye su da faifai.

Da na tattara lissafi, kafin alƙalami miliyan 1.25, ciko miliyan 2.25, mota da ajiya da fito naira 450,000, odar ta ci naira miliyan 3.95, alhali miliyan 3.6 na sayar. Ƙarin da mutum biyun nan suka yi bai rufe ko rabin giɓin ba, ga batta tara da na sayar a rabin kuɗi. Da na koma da sabuwar oda bayan sallar layya, Baba ya karɓa, amma matan masu kaba sun aiko da sharaɗi: nasu kuɗin duka a ba su kafin su yanki kaba. Na ba su sefa 400,000 a ranar, aka rubuta a littafi, shugabarsu ta dangwala yatsa.