Wane saƙo ne dole ya isa, wanne za a bari ya ɓata?

Duk wanda zai haɗa kwamfuta biyu su yi magana da juna, akwai tambayar da ba zai tsallake ba: idan saƙo ya ɓata a hanya, a sake aiko shi ko a ƙyale shi? Yawancin kayan aikin da muke koyo da su sun riga sun yanke wannan hukunci a madadinmu. ENet kuwa duk fakitin da za ka tura, wato ɗan ƙunshin saƙo da ke bin hanya tsakanin kwamfutoci, sai ya mayar maka da tambayar. Abin da ya sa nake son sa ke nan, kuma da shi nake fara wa yaran da ke zuwa wurina a Gusau koyon rubuta manhajar sadarwa.

ENet ɗan ƙaramin laburare ne, wato tarin shiryayyun umarni da mai rubuta manhaja ke ɗauka ya yi aiki da su, da aka rubuta da yaren C. Lee Salzman ne ya rubuta shi tun farkon shekarun 2000 domin wasan kwamfuta mai suna Cube, wanda mutane da yawa ke bugawa tare ta intanet. Kyauta ne, a ƙarƙashin lasisin MIT, kuma injin haɗa wasanni na Godot ma a kansa ya ɗora sashensa na buga wasa tare.

Ni dai ba wasa ne ya kai ni gare shi ba. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, babu kira babu intanet. Akwai wata cibiya da ɗalibai ke zuwa gwada hannunsu a kan tambayoyin JAMB, jarrabawar da tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta. Aikin cibiyar ya tsaya cik, domin tambayoyin a wani shafin intanet suke. Ga kwamfutoci lafiya lau, ga sola, ga yara masu shirin shekara mai zuwa, amma babu abin yi. Mai cibiyar ya ce min, "Injiniya, kwamfutocin nan fa a ɗaki ɗaya suke. Don me sai sun je wata ƙasa kafin su gaisa?" Na ce, "Alhaji, ba dole ba ne." Rauta ɗaya ta wadatar, ko da babu sim a cikinta.

Wani zai ce ai burauza ma za ta yi wannan aikin a cikin ɗaki, kuma gaskiya ne. Amma rabin na'urorin cibiyar tsofaffin laftof ne da ke haɗe ta Wi-Fi, a ɗaki mai rufin kwano da bango mai kauri, inda fakiti ke ɓata ba ƙaƙƙautawa. A irin wannan wuri ne bambancin TCP, ƙa'idar tura saƙo da burauza ta saba bi, da takwararta UDP ke fitowa fili.

TCP, wanda aka wallafa ƙa'idarsa a 1981, ya yi alkawarin cewa duk abin da ka tura zai isa, kuma a jere. Alkawari ne mai kyau, sai dai yana da tsada. Idan fakiti na biyar ya ɓata, na shida da na bakwai ko sun iso ba za a miƙa wa manhajarka su ba sai an sake aiko na biyar. Kamar tirela ce ta lalace a kan siririyar gada: duk wanda ke bayanta sai ya jira, har mai babur da ba ya ɗauke da komai. Ban da haka, TCP bai san iyakar saƙo ba. Ka tura saƙo biyu, wancan ɓangaren zai iya karɓar su a manne, ko ya karɓi ɗaya da rabi, kai ne za ka rarrabe. UDP, wanda Jon Postel ya rubuta ƙa'idarsa a 1980, bai yi alkawarin komai ba. Kan fakitinsa, wato bayanin da ake liƙawa a gaban saƙo, baiti 8 ne kawai, na TCP kuwa aƙalla 20. Yana jefa saƙon ne ya wuce. Ya isa, bai isa ba, ya isa sau biyu, ko na baya ya riga na gaba, babu ruwansa. ENet a kan UDP yake zaune, sai ya gina alkawarin TCP a samansa, ya bar maka zaɓin inda kake buƙatarsa.

Umarnin da za ka riƙe ba su da yawa. Bayan enet_initialize, sai ka kira enet_host_create ka buɗe masauki, wato wurin da kwamfutarka za ta riƙa karɓa da tura saƙo. Abu biyar yake nema: adireshi da lambar ƙofar da zai saurara, yawan takwarorin da zai iya ɗauka (wato kwamfutocin da za su haɗu da shi), yawan tashoshi, da iyakar gudun shigowa da na fita, inda sifili ke nufin babu iyaka. Kwamfutar da ke gaban aji, wadda muke kira uwa, ita ke ba da adireshi; ta ɗalibi ba ta bayarwa, sai ta kira enet_host_connect ta nemi uwar. Abin lura a nan shi ne wannan kiran yana dawowa nan take da takwara a hannunsa, alhali ba a gama gaisawa ba tukuna. Sai labarin haɗuwa ya zo kafin ka ce an haɗu.

Labarin kuwa ta ƙofa ɗaya yake zuwa, enet_host_service. Kana kiran ta a cikin zagaye, ka ce mata ta jira milisakan kaza, ita kuma ta ba ka ɗaya daga cikin abu uku: wani ya haɗu, wani ya aiko fakiti, ko wani ya fita. A cikin wannan kiran ne komai ke gudana, turawa da karɓa da sake turawa da lissafin lokaci. ENet ba ya aiki a ɓoye ta bayan fage. Idan manhajarka ta shagala da wani nauyin na ɗan lokaci ba ta kira ta ba, babu abin da zai fita, kuma takwarorinka za su ɗauka ka mutu. Hatta enet_peer_send ba turawa take yi ba, jera fakitin take a layi, sai an zo enet_host_service ko enet_host_flush sannan ya tashi. Na fi son wannan tsari a kan wanda ke ɓoye min abin da yake yi, domin idan abu ya tsaya na san wurin da zan duba.

Yanzu ga inda maganar take. Lokacin da za ka ƙirƙiri fakiti da enet_packet_create, akwai alamar da za ka liƙa masa. Idan ka sa ENET_PACKET_FLAG_RELIABLE, ENet zai riƙe kwafinsa ya yi ta sake turawa har wancan ɓangaren ya aiko shaidar karɓa. Idan ba ka sa komai ba, sau ɗaya zai tura. In ya ɓata ya ɓata, in kuma ya zo a makare bayan wanda ya fi shi sabunta, sai a watsar da shi. Akwai ta uku, ENET_PACKET_FLAG_UNSEQUENCED, wadda ko jerin ma ba ta kula da shi.

A cibiyar, saƙonni iri uku ne ke yawo. Na farko amsar ɗalibi: ya zaɓi B a tambaya ta 14. Wannan ko ana ha-maza-ha-mata sai ta isa. Na biyu agogo, wanda uwa ke aikawa kowane sakan tana faɗin lokacin da ya rage. Idan na sakan ɗaya ya ɓata, sake turo shi ɓarna ce, domin kafin ya iso ya zama ƙarya, sabo ya riga ya taso. Sai dai da sharaɗi: saƙon ya ce "saura sakan 1,200", kada ya ce "rage ɗaya". Na farkon ko goma sun ɓata, na sha ɗaya zai gyara komai. Na biyun kuwa ɗaya ya ɓata, agogon yaron ya karkace har a tashi. Yadda ka tsara saƙon ne ke nuna ko za a iya jure rashinsa. Wannan darasin na kan daɗe a kansa da ɗalibaina fiye da kowane suna na umarni.

Na uku tambayoyin kansu, musamman masu zane, irin na lissafi da na kimiyyar halittu. Fakiti ɗaya a ENet kusan baiti 1,400 yake ɗauka, ƙasa kaɗan da 1,500 na wayar Ethernet. Hoton da ya wuce haka ENet zai yayyanka shi da kansa, ya tura guntayen da tabbaci, ya harhaɗa su a can ya miƙa maka a dunƙule. Idan hoton da amsar suna bin hanya ɗaya, guntun hoto ɗaya da ya ɓata zai tsare amsar yaro a bayansa. Maganin wannan shi ne tashoshi. Haɗuwa ɗaya za ta iya ɗaukar tasha har 255, kowace da nata jerin, babu mai jiran wata. Na ba amsoshi tasha ta 0, agogo ta 1, tambayoyi da hotuna ta 2. Agogon ma dole ya samu tasa, domin a cikin tasha ɗaya fakiti marar tabbaci yakan jira mai tabbacin da aka tura kafin shi.

Wata ɗaliba da ke koyo a wurina ta taɓa yi min tambayar da ta fi dukkan waɗannan muhimmanci. Ta ce, "Malam, to in yaro ya danna amsa, kafin ta isa batirinsa ya mutu fa? Ba an ce dole ta isa ba?" Tabbacin ENet yana da iyaka, kuma ya kamata kowa ya san ta. Yana aiki ne muddin haɗuwar na raye. ENet kan taɓa kowane takwara duk rabin sakan ya ji ko yana nan. Idan shiru ya yi yawa, tsakanin sakan 5 zuwa 30 bisa yadda aka saita shi tun asali, sai ya yanke haɗuwar, kuma duk fakitin da ke jiran tafiya ya zube. Shaidar karɓar da yake samu ma tana nufin ENet na can ya karɓa ne kawai, ba ta nufin an rubuta amsar a faifai. Idan wuta ta ɗauke wa uwa a tsakanin karɓa da rubutawa, amsar ta tafi, kwamfutar yaron kuma tana ganin an gama.

Saboda haka akwai aikin da ya rage a wuyan mai manhaja. Kowace amsa ina ba ta lambar jeri, a fara rubuta ta a faifan kwamfutar ɗalibi, sannan a tura. Uwa sai ta adana ta kafin ta mayar da nata saƙon cewa lamba kaza ta zauna. Idan haɗuwa ta yanke ta dawo, kwamfutar ɗalibi ta sake turo duk abin da ba a ce ya zauna ba, uwa kuma in ta ga lambar da ta riga ta gani sai ta tsallake. Kuma ɗalibi da lambar rajistarsa ake gane shi, ba da gurbin da ENet ya ba shi ba, domin gurbin wanda ya fita ana iya ba wani. Yaro ya biya kuɗi, wataƙila daga Tsafe ko Bunguɗu ya shigo mota a hanyar da kowa ya san halinta, ya zauna awa biyu yana tunani. Ba zan yarda a ce masa amsoshinsa sun ɓata saboda rauta ta yi atishawa ba. Lokacin yankewar ma na rage shi da enet_peer_timeout, domin mai sa ido ya ga kujerar da ta faɗi da wuri, ya je ya duba.

Batun mallakar fakiti gajere ne: wanda ka tura ya zama na ENet, kada ka sake taɓa shi, wanda ka karɓa naka ne, in ka gama karantawa ka kira enet_packet_destroy, in ba haka ba memori ya yi ta cika har manhajar ta shaƙe. Sannan masauki ɗaya daga zare ɗaya ake kiransa, wato kada sassa biyu na manhajar da ke gudana lokaci guda su taɓa shi tare.

ENet ba ya rufe saƙo da sirri. Duk wanda ke kan Wi-Fi ɗin kuma ya iya sauraro zai ga abin da ke wucewa. Don haka amsoshin daidai ba sa barin uwa ko kaɗan, a can ake yin maki, sakamako kawai ke fita. A cikin yaran nan akwai masu kaifin kai sosai, kuma gara a tsara abin yadda ko sun leƙa babu abin gani.

Da layuka suka dawo, Alhaji ya so wani ɗan'uwansa da ke da irin wannan cibiya a Kaura Namoda ya haɗu da uwar Gusau kai tsaye, yaran garuruwan biyu su riƙa rubuta gwaji ɗaya a lokaci ɗaya. A nan sai wata katanga ta daban ta taso, wadda ba ta ENet ba ce. Adireshin intanet irin na IPv4 baiti 4 ne kawai, adireshi kusan biliyan 4.3 ke nan, kuma sun yi wa duniya kaɗan. Shi ya sa kamfanonin waya kan tara masu sim da yawa a bayan adireshi ɗaya na waje. Kai za ka iya fita neman wani, amma wani ba zai iya shigowa nemanka ba, domin adireshin da ke kan rautarka, irin mai farawa da 192.168, na cikin gida ne. ENet na asali IPv4 kaɗai ya sani, kuma bai zo da dabarar huda wannan katanga ba. Akwai hanyar da ɓangarorin biyu ke tura wa juna fakiti a lokaci guda bayan wata kwamfuta ta uku ta gabatar da su, amma a layin waya ba kullum take ci ba, kuma jarrabawa ba wurin gwada sa'a ba ce.

Abin da muka tsaya a kai shi ne kowace cibiya ta riƙe uwarta a ɗakinta, yadda ko intanet ya yanke gwaji ba zai tsaya ba. Sai muka yi hayar wata ƙaramar kwamfuta mai adireshin waje, uwayen biyu su riƙa fita su same ta idan akwai sabis, su karɓi sababbin tambayoyi su ajiye sakamako. Wannan ɓangaren da TCP na rubuta shi, a rufe da TLS, tsarin da ke sa wa saƙo sirri, domin a nan babu agogon da ke gudu, kowane baiti dole ya isa, kuma jiran minti ɗaya ba zai cuci kowa ba.