Masarar da ba a gasawa

A watan Agusta muka sauka a birnin Des Moines na Amurka, ni da maigidana da ɗanmu ɗan shekara uku. Daga filin jirgi zuwa Ames, inda zai yi karatu a jami'ar jihar Iowa, tafiyar ba ta kai awa guda ba, kuma tun da muka bar gari idona bai sauka a kan komai ba sai masara da waken suya. Hagu masara, dama masara, tsayinta ɗaya kamar an sa igiya an daidaita, har inda sama ta haɗu da ƙasa. Ni 'yar manomi ce, daga wani ƙauye kusa da Saminaka, inda ranar kasuwa tireloli ke layi suna lodin masara. Na ɗauka na san masara. Abin da ya fara damuna shi ne ban ga mutum ko ɗaya a gonakin nan ba. Ba mai noma, ba mai kai abinci gona, ba yaro mai korar tsuntsu.

Watannin farko sun yi mini nauyi. Maigida ya fita tun safe, ni kuwa ina ɗaki da yaro, ba maƙwabciyar da zan leƙa in ce a sam mini gishiri. Abinci ne ya fi ba ni wahala. Ina tsakiyar jihar da ta fi kowace jiha a Amurka noman masara, amma na rasa garin tuwo. Wanda na samu a kanti rawaya ne mai tsaki-tsaki, in ka tuƙa sai ya watse a cikin miya. Wata 'yar Sudan da muka haɗu a masallaci ranar Juma'a ce ta kai ni shagon 'yan Meziko, ta nuna mini farin gari mai laushi. Su sai sun dafa masarar da farar ƙasa kafin su niƙa, don haka yana da wani ƙamshi kamar an sa kanwa. Daren nan na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka da daddawar da Inna ta ƙulle mini a leda uku, na ci ina hawaye.

A cikin Oktoba wani abokin karatun maigidana ya kai mu gonar mahaifinsa mu ga girbi. Dattijo ne da ya haura saba'in, hannuwansa duk kanta irin na Babana. Ya ce in kira shi da sunansa kawai, haka suke yi. Bakina ya kasa. Na ce masa a wurinmu wanda ya haife ka ko ya yi sa'ar mahaifinka Baba ake ce masa, ya ce to ya karɓa.

Shi da ɗansa su biyu rak suke noma eka fiye da dubu. Ya hau da ni cikin injin girbi, wanda tayarsa ta fi ni tsayi. Injin na cin layi takwas a tafiya ɗaya, ya yanke, ya ɓare, ya sussuke, ya watsar da totuwa da kara ta baya, tsabar kuma ta zuba a tanki kamar ruwa. Aikin da mu mata goma za mu kwana uku muna yi a bakin rumbu, an gama shi kafin in gyara zama. Wani ɗan allo a gefensa yana nuna yawan abin da kowane taku na gonar ya bayar. Da maigidana ya juya mini lissafin zuwa namu, eka guda tana ba shi kusan buhu 50. Baba a gida in hekta, wadda ta kai kusan eka biyu da rabi, ta ba shi buhu 25, shekara ta yi kyau.

Na roƙe shi goyo biyu in gasa wa yaro. Ya girgiza kai, ya ce wannan ba ta ci ba ce. Kusan duk abin da nake gani, in ji shi, dabbobi ne za su ci, aladu da shanu da kaji, ko kuma a kai masana'anta a mai da shi man ethanol da ake gauraya wa fetur. Masarar da mutane ke ci a goyonta wata iri ce daban mai zaƙi, kuma ɗan kaɗan ake shukawa. Na daɗe ina juya maganar nan. A garinmu ko ƙwaya ce ta faɗi ƙasa sai an tsince.

Sai na tambaye shi inda yake ajiye irin baɗi. A gidanmu Baba ne da kansa yake zaɓar manyan goyo tun a gona, a ɗaure su da ɓawonsu a rataye a saman murhu, hayaƙi ya kare su daga ƙwari har damina. Dattijon ya ce shi bai taɓa ajiye irin masara ba, mahaifinsa ma ya daina tun yana saurayi, lokacin da iri mai aure, wato wanda aka haɗa iri biyu aka samar, ya shigo, domin in ka sake shuka 'ya'yansa amfanin raguwa yake. Daga 1996 kuma aka fara sayar da irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wanda ake kira GMO, kuma yau fiye da kashi 90 cikin ɗari na masarar Amurka irinsa ne. Ya yi mini bayani a sauƙaƙe: an ɗauko wani sinadarin gado daga wata ƙwayar bakteriya da ke rayuwa cikin ƙasa aka sa wa masarar, sai ta riƙa yin wani abu a jikinta da ke kashe tsutsa in ta ci. Wani kuma an yi shi ne ya jure maganin ciyawa, a yi feshi ciyawa ta mutu masara ta tsaya. Ya ce feshin maganin ƙwari ya ragu masa sosai. Amma buhun iri mai ƙwaya 80,000 yana kai masa dala 300, kuma sai ya sa hannu a takarda cewa ba zai ajiye ya sake shukawa ba. Ga ciyawar ma ta fara sabawa da maganin.

Ban iya ƙin irin nan ba, don na ga abin da wata baƙuwar tsutsa ta yi wa gonar Baba bayan ta shigo Najeriya a 2016, ganye duk huda, zuciyar masara ta zama gari. Na ga ƙannena suna goya tankin feshi ba safar hannu ba abin rufe hanci, su dawo ido jawur. Amma manomin da ba shi da iri a ɗakinsa, damina ta faɗi ba kuɗi a hannu, ina zai sa kansa? Dattijon nan yana da banki da inshorar amfanin gona a bayansa. Babana rumbunsa ne bankinsa.

Da girbi ya ƙare suka gayyace mu bikin Ranar Godiya, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Shugaba Abraham Lincoln ne ya mai da ita ranar ƙasa baki ɗaya a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa. Matar dattijon ta kira ni tun mako guda kafin ranar ta tambayi abin da ba ma ci. Ta yi tuƙi har Des Moines ta sayo talotalon yankan Musulmi, kuma a jihar da ta fi ko'ina kiwon alade ba ta ɗora ko ɗigon mansa a teburin ba. Wannan ya shiga raina fiye da duk abin da aka dafa.

Mutum goma sha bakwai muka zauna. Ga talotalo an gasa shi ɗungurungum, ga dankalin turawa an dama shi da madara, ga wani jan miya mai tsami da zaƙi da ya tuna mini zoɓo. Kabewa kuwa, wadda mu a miyar taushe muka san ta, su sun haɗa ta da sukari da kirfa sun gasa. Ni na kai tuwon masara da miyar kuka. Jikokin suka tsaya kallon yauƙin miyar, amma dattijon ya wanke hannu kamar yadda ya ga maigidana ya yi, ya gutsura ya kai baki. Ya yi shiru, sannan ya ce shekara hamsin yana noman masara bai taɓa cin ta a matsayin abincin dare ba.

Kafin a ci, kowa ya faɗi abin da yake godiya a kai. Da aka zo kaina na ba su labarin kaka a garinmu, yadda Baba ba ya bari a ɗinke buhu sai ya fitar da zakka, ɗaya cikin goma tun da ruwan sama ne ya shayar da gonar, da yadda ake aika wa maƙwabta sabon hatsi. Matar ta tambaya ko gwamnati ce ke karɓa. Na ce a'a, Baba ya san gidajen da za a kai.

Washegari na kira gida. Ashe maganar ta riga ni isa. Baba ya ce malaman gona sun zo musu da zancen masarar TELA da aka amince da ita a farkon 2024, da kuma waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar a 2019, mai jure tsutsar da ke cin fure da kwanso, dukansu irin GMO ne. Wasu a majalisa sun ce alheri ne, wasu sun ce a yi hattara.

"Ke da kika gani da idonki, uwata, in na shuka zan iya ɗebe iri?"

Na ce, "Baba, waken za ka iya. Masarar kuwa mai aure ce, sai dai ka saya duk shekara."

Ya ɗan yi shiru, ina jin kukan awaki a bayansa. Ya ce zai gwada a gonar bakin rafi, rabin eka. Sauran kuma zai shuka na saman murhu.