Asabar: amarya ta mutu, uwa ta tofo

Yau tun da na idar da sallar asuba ban koma barci ba, na ɗau bokiti na zagaya bayan ɗaki inda na jera wardina guda huɗu da na taho da su daga Jos a watan Nuwamba. Wadda na fi ji da ita, Double Delight, mai fure fari kamar madara bakinsa ja ga ƙamshi har zaure, samanta ya bushe ƙayau. Amma daga gindi wani reshe ya tofo kore shar yana ta miƙewa, sati biyu kenan ina murna wai ta farfaɗo.

Wajen ƙarfe tara Baba mai lambu ya kawo min buhun takin da na ce ya nemo min, na ja shi na nuna masa ina ta washe baki. Ya tsuguna ya tone gindin da yatsa, ya yi dariya ya ce "ƴata, ai amaryar ta mutu, uwar ce ta fito." Ashe irin waɗannan wardin na zamani yawanci aure ake musu kamar mangwaro, a ciro ido daga mai kyan fure a dasa a jikin wata mai ƙarfin saiwa, to duk abin da ya tofo ƙasa da ƙullin auren nan ba ita ba ce, ta ƙasan ce, kuma furenta ba zai yi kama da wanda na biya kuɗi dominsa ba. Wallahi sai da na ji wani iri. Inna tana daga bakin madafa ta ce "da zogale kika shuka da yanzu kwaɗo muke ci", ban tanka ba don gaskiyarta ne.

Laifina ne ma dai. Na gan su a Jos sun yi ɓul-ɓul na manta garin nan a kan tudu yake, kusan mita 1,200, da daddare har bargo ake ja, na kwaso su na kawo Kano inda a watan Afrilu zafi ke haura digiri 40. Ko ruwan wardin da Goggo ke kawo mana tsaraba daga Umara ai na Ɗa'ifa ne, can saman duwatsu, ba a zafin Makka ake noma shi ba. Sannan na ƙara da zuba su a baƙaƙen bokitan roba na ajiye jikin katangar yamma, rana tun azahar tana dafa saiwar har la'asar sakaliya.

Abin mamaki Iceberg, fara tas ɗin nan da wani Bajamushe Kordes ya fitar a 1958, wadda mai sayarwa ya ɗora min kamar gyara ban ma so ba don ba ta da wani ƙamshi, ita ce ko a jikinta. Furen ya ƙanƙance saboda zafi amma tana yi. Blue Moon kuwa tana nan rai a hannun Allah, kuma tun a Jos na san sunan ne kawai, launinta shanshanbale ne mai haske. Wardi ba ya yin shuɗi na gaske, ko kamfanin Suntory na Japan da ya shiga har cikin ƙwayar halittarsa ya fitar da Applause a 2009, idan ka ga hoton shi ma wajen shanshanbalen ya karkata. Na faɗa wa ƙanena haka don yana neman tura kuɗi a intanet wai zai sayi ƙwayar irin wardi shuɗi da mai launin bakan gizo, na ce kai rufa wa kanka asiri, mai bakan gizon nan farin fure ne ake tsaga kararsa a tsoma cikin ruwan rini kala-kala, kuma ko ƙwayar gaske aka ba ka, haɗaɗɗen iri ba ya fitowa kamar uwarsa. Ya ce "Yaya ke dai kin cika kashe wa mutum gwiwa."

Da yamma muka kwashe su ni da shi zuwa gabas, inda za su sha hantsi kamar awa shida sannan inuwar darbejiya ta rufe su. Na lulluɓe bokitan da tsohon buhun algarara, na baza ɓuntun shinkafa a sama don ƙasar ta riƙe laima, taki kaɗan kuma wanda ya ruɓe, Baba ya ce ɗanye ƙona su zai yi ya kuma kira gara. Bayan ganyen Blue Moon na ga ƴan ƙwari mitsi-mitsi da saƙa kamar ta gizo-gizo, na wanke su da ruwa, amma da damina ba zan jiƙa ganye ba don cutar baƙin tabon nan da ke kama ganyen wardi.

Uwar dai ban cire ta ba. Baba ya ce in bar ta ta yi ƙwari, in ruwa ya sauka zai ciro ido daga Iceberg ya ɗaura musu aure. Inna ta ce ita a gayyace ta. Mai ruwa bai zo ba yau, jarka ɗaya ta rage, gobe sai na raba tsakaninsu da wanke-wanke.