Ɗan farantin da ya ja mini asarar karatun sauka

Wata huɗu ke nan, amma har yanzu in na ga an maƙala faranti a jikin sandar makirfo sai na ji gabana ya faɗi. Shekarata tara ina haɗa kayan sauti a wuraren ɗaurin aure da walima da tafsiri a cikin Kano. Na taɓa ƙona miksa, janareta ya taɓa mutu mini ana tsakiyar huɗubar aure, amma ba abin da ya ƙona mini rai kamar wannan ɗan ƙarfen da faɗinsa bai fi littafin rubutun 'yan makaranta ba.

Dalilin sayensa ma ba na banza ba ne. Duk mai wannan sana'a ya san wahalar rasa inda za a ajiye ƙananan kaya. Rikoda a kan kujerar roba, fawa banki a ƙasa cikin ƙura, wayar hannu a aljihu, ga yara suna ta tsallake kebul. Sai na ga farantin a wani shago a Sabon Gari: baƙin ƙarfe mai ɗan gefe kewaye don kada kaya su zame, da baki mai kama bututu, da noti mai kan roba da ake murɗawa da hannu. A jikin kwalinsa an rubuta yana ɗaukar kilo 2. Na biya, na tafi ina jin na zama ƙwararre.

Wannan kilo 2 ɗin shi ya yaudare ni, ko in ce ni na yaudari kaina da shi. Abin da kwali ke nufi shi ne farantin ba zai lanƙwashe ba, bakinsa kuma ba zai zame ba. Bai ce komai ba a kan sandar da za a maƙala shi. Ita kuwa sandata irin ta araha ce, mai ƙafa uku da hannu mai miƙewa. Daga baya da na ɗora ta a sikelin mai sayar da gas, ba ta ma cika kilo 2 ba. Wato na ɗora mata kayan da suka kusa kai nauyinta, a gefe guda, a sama.

Aikin da aka kira ni saukar Alƙur'ani ce ta wani yaro ɗan shekara goma sha uku. Mahaifinsa yana aiki a Jidda, bai samu zuwa ba, shi ya aiko da kuɗi musamman don a naɗa masa karatun ɗansa da murya tsaf, ba irin ta bidiyon waya mai cike da ƙarar janareta ba. Kakan yaron shi ya tsaya a kan komai. An kafa rumfa a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi a kan yashi. Na kafa sanda, na miƙa hannunta wajen inda yaron zai zauna da allonsa, na ɗaure farantin a bututun sama daidai ƙirjina don in riƙa ganin fuskar rikoda ba tare da na sunkuya ba. Na ɗora rikoda, na ɗora fawa banki, na ɗora wayata. Can sai wani ya miƙo gorar ruwa ya ce ta Malam ce, yarona mai taya ni aiki kuma ya ga wuri a bakin farantin ya ajiye. Na gani da idona, ban ce komai ba. Gorar santilita 75 ce, nauyinta giram 750 ke nan ban da roba, kuma ita ce ta fi kowa nisa daga jikin sanda.

Akwai kuma wani gangancin da na yi tun a gida. Na cire batiran cikin rikoda saboda sun yi sanyi, na ce ai ga fawa banki, ga kuma inda zan ajiye ta. Farantin ne ma ya ba ni wannan ƙarfin gwiwar.

Karatu ya tafi lafiya lau. Malam ya biya, yaro ya maimaita, Fatiha da farkon Baƙara, muryarsa tana ɗan rawa da farko sannan ta zauna. A cikin abin kunnena na ji har numfashinsa. Na ce a raina yau Alhaji, uban yaron, zai san ya biya kuɗi. Ban tsayar da naɗin ba don ina so in haɗa da addu'a. Sai dattijon da zai yi addu'ar, wanda ke zaune ɗan gefe, ya miƙo hannu ya jawo makirfon wajen bakinsa. Ba da ƙarfi ba, wallahi, irin jan da kowa ke yi ne. Sandar ta ɗan yi tsaye kamar mai shawara, sannan ta bi shi.

Lasifika ta yi wata ƙara da ta sa jarirai kuka a cikin gida. Gorar ta gangara, kuma Allah ya taimake ni murfinta a rufe yake, don da ruwan nan ya zuba a kan allon zayyanar yaron da ban san inda zan sa kaina ba. Rikoda ta faɗi a kan tabarma, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Amma igiyar fawa banki ta fita. Fuskar rikodar ta ɗauke.

Na san abin da hakan ke nufi tun kafin in ɗauke ta. Irin wannan rikoda sai an danna tsayawa take rufe fayil, ta rubuta tsawonsa da inda ya ƙare. In wuta ta yanke kafin nan, sautin yana iya kasancewa a kwance cikin katin memori, amma ba abin da ke nuna yana nan. Da na kunna, fayil ɗin ya nuna sifili. Minti arba'in da wani abu. A nan ne kuma na tafka kuskuren da ya fi faɗuwar sandar muni: cikin ruɗewa, da mutane suna kallona, na sake danna naɗi a kan katin nan don kada addu'a ta wuce ni. Kashegari na kai wa wani abokina mai gyaran kwamfuta. Ya yi iya yinsa, ya zaƙulo abin da ya rage ya buɗe shi a manhajar gyaran sauti ta Audacity a matsayin ɗanyen sauti. Mun samu gaishe-gaishen farko da jawabin wani baƙo. Karatun yaron kuwa babu, kuma abokin nawa ya ce sabon naɗin ne ya hau kan wurin. Da na zare katin nan take na sa wani, da wataƙila an tsira. Akwai wani katin a jakata.

Da na je na faɗa wa kakan, na ce, "Baba, laifina ne, a yi haƙuri, zan mayar da kuɗin." Ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ce, "Kuɗi ai naka ne, ka yi aikin. Uban nasa ne dai ban san me zan ce masa ba." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na kwana biyu ina ɗora wa dattijon nan laifi a raina. Sai na fitar da sandar tsakar gida na ɗauko tef ɗin awo, don in ga yadda jan da bai kai ya kawo ba ya kayar da ita. Abin da na gani ya sa na ji kunyar shekaru tarana. Daga tsakiyar sanda zuwa ƙarshen kowace ƙafa santimita 30 ne. Amma in ka ja zare tsakanin ƙafa biyu, daga tsakiyar sanda zuwa zaren santimita 15 ne kacal, rabi daidai. Haka duk mai ƙafa uku take. Sanda ba ta faɗuwa ta kan ƙafarta, ta tsakanin ƙafafu take faɗuwa, a kan wannan zaren. Ni kuwa na juya farantina ya kalli tsakanin ƙafa biyu, tsakiyarsa tana kan zaren, gorar ruwa ta ma ƙetare shi. Hannun sandar shi ma can ya nufa. Makirfona Shure SM58 ce, giram 298, abin da ba ka jin nauyinsa a hannu. Amma a ƙarshen hannu mai tsawon santimita 60, jan da take yi wa sanda daidai yake da na kusan kilo ɗaya da giram 200 a nisan santimita 15. Ga tsayin da na ɗaure farantin, wanda ya sa ɗan karkata kaɗan ya isa. Ga yashi a ƙarƙashin tabarma da ƙafa ke nutsewa ciki. Sandar nan dama a bakin faɗuwa take tun kafin a fara karatu, dattijo dai ya zo a kan gaɓa.

Ban jefar da farantin ba, ko da yake na so. Yanzu a bututun ƙasa nake ɗaure shi, mai kauri, ƙasa da inda ake murɗa tsayi, kusan daidai gwiwata. Hannun makirfo yana kan ƙafa ɗaya, faranti yana kan wata ƙafar. Na fara gwada sa shi a bayan hannun don ya zama ma'auni, sai na lura bayan kowace ƙafa fili ne tsakanin sauran biyun, wato na koma gidan jiya. Abu mafi nauyi shi ke kusa da bututu. Ruwa kuwa ko na waye, ko na Liman ne, a ƙasa yake zama. Yarona ya san in ya sake ɗora gora a wurin to ranar ba shi da kuɗin mota. In a kan yashi ne ina ɗora ƙaramin buhun yashi a kan ƙafar da ke nesa da mai magana. Kafin kowa ya zauna kuma ni da kaina nake jan makirfon gaba da gefe, irin jan da dattawa ke yi, in ga ko ƙafa za ta ɗaga.

Sauran ƙananan abubuwan da na ci karo da su ba su kai wannan ciwo ba. Robar da ke cikin bakin farantin ta ɓalle da zafin rana, gam ɗinta ya narke, farantin ya fara sulalowa. Na ƙara murɗa noti har ya lotsa bututun, na sama ya daina shiga ciki, sai da mai walda ya buga mini shi. Yanka ɗaya na robar cikin tayar babur da na naɗa ya fi murɗawar duka amfani. Wayar hannu ma na daina ɗora ta, don in ta yi rawa a kan ƙarfe, girgizar tana bin bututu har cikin makirfo, jama'a su ji gurnani a lasifika. Na kuma gwada shi a sandar ɗora takarda, irin mai naɗewa da mawaƙan coci da 'yan badujala ke amfani da ita, da wani malami ya ce yana so ya riƙa ajiye tabarau da agogo kusa da littafinsa. Tabarau da agogo ta ɗauka. Da na ƙara fawa banki sai ta fara lilo, ga bututun siriri har bakin farantin bai kama shi da kyau ba sai da na yi masa ciko. Duk mai son saye ya auna kaurin bututunsa tukuna, don ba kowane baki ke kama kowace sanda ba.

Na ari sandar wani abokin sana'a ta kamfanin K&M na Jamus, wadda ta haura kilo 3, ƙafafunta kuma sun fi nawa buɗewa. Na ɗora mata kayan ranar nan kaf, har da gorar, na ja. Ta ɗan motsa ta koma. Ina tara kuɗinta, amma ko na saya, rikoda ba za ta ƙara hawa sandar da mutum zai iya taɓawa ba. Tana da tata sandar daban a gefena, mai gindin ƙarfe zagayayye, da sababbin batira a cikinta ko da akwai fawa banki, kuma da an gama karatu nake danna tsayawa in buɗe sabon fayil don addu'a.

Bayan mako biyu mun zaunar da yaron a ɗakin kakansa ya sake karantawa, na naɗa, aka tura Jidda. Karatun ya fi na ranar kyau ma, ba rawar murya, ba hayaniya. Uban ya aiko da godiya, ya kuma tambaya ko akwai wanda aka ji kabbarar mutane a ciki lokacin da yaron ya kai ƙarshe. Na ce babu.