Fulogin ɗina ya ƙi fitowa a FL Studio, ashe ni na ɓoye shi da hannuna

Jiya da daddare wallahi saura ƙiris in jefar da laftof ɗina. Mawaƙi na zaune a situdiyo yana jira mu gyara muryarsa, janareto na ta shan mai, ni kuma na duƙufa neman wani fulogin (ƙaramar manhajar da ake ƙarawa cikin babba) na reverb, mai sa wa murya amsa-kuwwa, da na saka tun da rana, amma FL Studio, manhajar haɗa kiɗan da nake aiki da ita, ta nuna sam ba ta san da zamansa ba. Na rufe na buɗe, na kashe kwamfutar na kunna, shiru kake ji.

Abin kunyar ma, da farko a Channel rack, wurin jera kayan kiɗa, nake ta lalube, alhali reverb ba kayan kiɗa ba ne, a Mixer ake ɗora shi kan murya. Na koma can, nan ma wayam. Sai yaron ya ce "oga ko mu bari sai gobe?" na ce masa zauna dai.

Na shiga Options, na danna Manage plugins, na sa ta yi sikanin, ta gama ba ta kawo komai ba. A nan ne idona ya kai kan jerin foldojin da ke gefen hagu, waɗanda su kaɗai take leƙawa in tana nema. To ga inda gizo ke saƙar: fulogin ɗin iri biyu yake zuwa, VST3 da VST2; shi VST3 gidansa ɗaya ne a Windows, C:\Program Files\Common Files\VST3, manhaja ta san hanyar can da kanta, amma tsohon VST2 mai fayil ɗin .dll duk inda ka nuna masa nan yake zama, ni kuma lokacin sakawa ina ta danna Next Next ba karatu, na cire alamar VST3 wai kar ya ci min waje, na tura VST2 ɗin wata folda da na buɗe a ɓangaren D na kwamfutar tun bara har na manta da ita. Na ƙara foldar a jerin, na kunna Rescan plugins with errors don ko da akwai wanda ya maƙale, na sake sikanin, sai ga shi ya bayyana. Na danna masa tauraro ya shigo Mixer.

Kamfanin Steinberg na Jamus da ya ƙirƙiro VST a 1996 ma ya daina ba da lasisin VST2 tun 2018, don haka yanzu VST3 kawai zan riƙa zaɓa. Akwai kuma wasu nau'o'in fulogin: AAX na manhajar Pro Tools ne, AU kuma na Mac, FL a Windows ba ta ganinsu ko ka kwana kana sikanin. Masu manhajar Ableton Live 10 zuwa sama kuma ku duba ko fulogin ɗin na tsohon tsarin 32-bit ne, don ba ta karɓarsa.

Ko da na juyo in ce mu fara, mutumina ya yi barci a kan kujera da hedifon a wuya.